Tsamin Da Ban Taɓa Lasa Ba

Ni na san tsami.
Shekara goma sha ɗaya ina kwana da madara,
in tashi da kindirmo,
in kai kasuwar Jega kafin rana ta take tsaka.
Da hanci nake gane wanda ya nuna
da wanda ya zarce.

Ranar Talata ce, ina cuɗa Nafi'u a bayan ɗaki,
shekararsa uku da 'yan watanni,
hannuna ya ci karo da wani abu a kwiɓinsa,
tauri kamar goruba.
Bai yi kuka ba.
Dariya ma ya yi, wai cakulkuli.

A Birnin Kebbi suka shafa masa mai a ciki,
suka juyo min da allo, baƙi da fari.
"Ga ƙoda," in ji Likita Rumasa'u,
"ga kuma baƙon da ya zaune ta."
Ba ta ce daji ba sai da na zauna.

Na ce, nonona ne?
Ruwan rijiyarmu ne?
Ko ludayin da nake ba shi da safe?

Ta ajiye biro.
"Ba ke ba ce.
Jiki na haɗa nasa tsamin, kowa da shi, har ni.
Masu bincike na zargin
da shi ƙarin nan ke yin ƙiba.
Zargi ne tukuna, ba a kai ƙarshe ba.
In kin yarda, ki ba mu jininsa kaɗan,
ko ɗan wata zai amfana."

Na dangwala yatsa a takarda.
Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba,
lamba a jikinta, babu suna.
Na ce a sa Nafi'u.
Ta ce ƙa'ida ta hana,
sai ta rubuta a tafin hannunta,
ta nuna min, ta dunƙule.

Yau kwana tara da aiki.
Ƙoda ɗaya ta rage, tana yin na biyu,
kamar ni tun da babansa ya tafi cirani.
Yana ƙirga ɗinkin cikinsa,
kullum a biyar yake ɓacewa.

Kwalbar ta tafi garin da ban taɓa zuwa ba.
Ƙwaryata tana Jega a kife.
Ɗazu ya farka, ya ce fura.
Na leƙa baranda neman likita,
in ji ko a dama da nono.