Jarkar Kawu Mato

Tsohuwar jarkar manja ce, rawaya.
Kawu Mato ya yanke mata kai,
ya wanke ta sau uku da toka.
Na gasa ƙusa a garwashi,
muka huhhuda kan, ya koma murfi.

Da robar tayar keke muka ɗaure ta
a tsakiyar kwale-kwale,
jiƙaƙƙen buhu a bisa, don ranar Dadin Kowa.

Aikina in kwashe ruwan da ya ɗumama,
in kwararo sabo har ya yi kumfa.
"Giwan ruwa ba ya cin gawa," in ji Kawu.

Wuni guda ina hidimar 'yan karfasa,
na kuwa san inda ƙugiya za ta shige su.

La'asar, saura ɗaya.
Kawu ya duƙa naɗe igiya,
na ɗebo shi a ƙoƙo,
na mayar wa dam kayansa.