Yatsun Malachy Quill

Yatsun babana goma ne cif,
amma babu biyu da ke kallon wuri ɗaya.
Kowanne da garin da ya karye:
wannan Troy, wannan Buffalo,
ɗan ƙaramin nan mai kama da ƙugiya
Providence ce, wata Asabar, ana yayyafi.

Yana ɗan shekara tara ya fara tsintar duwatsu
daga cikin kwal a Pennsylvania,
har ranar da wani mai dogon gashin baki
ya gan shi a filin bayan coci
yana cafke ƙwallo kamar mai kama ƙuda.
Ya ce, "Dala sittin a wata, in za ka iya tsuguno."

Shekara goma sha ɗaya ya tsuguna
a bayan mai kulki,
babu safar hannu, babu takunkumin waya,
sai guntun roba tsakanin haƙora.
Mai jifa ya saki, kulki ya wuce iska,
ƙwallon ta sauka a tafinsa, tas!
'Yan kallo su yi sowa. Ba sunansa suke kira ba.

Kakata ta ce besbol wasan yara ne,
ƙato da gemu bai ci abinci da shi.
Ta dai karɓi kuɗin hayar.

Jirgin ƙasa, gadon haya mai kuɗin cizo,
guga da ruwan ƙanƙara kowane dare.
In ƙashi ya leƙo, a ɗaure da tsumma,
gobe akwai wasa.

Sallamar ta zo a takarda, layi biyu,
harafi ɗaya na sunansa ma babu.
Suka ba shi gadin ƙofar filin,
yana yagar tikiti da hannun da ba ya rufuwa,
yana kallon samari da safar fata
mai kauri kamar matashin kai.
Bai ce komai ba. Ya kan tofar da taba kawai.

Yanzu ni ke saka masa maɓallin riga,
ni ke yanka masa burodi.

Jiya gwiwar hannuna ta ture kofi daga kan tebur.
Ban ji ƙarar fashewa ba.
Na duba ƙasa:
tsoho a tsugune,
kofin a tafinsa,
shayin ko ɗigo bai zube ba.