Matata

Ruwa ba ya tsami banza.
Kwana tara da kawo akwatin gilashin nan
cikinsa ya yi fari kamar an dama gasara.
Babban kifin, mai jela kamar gyale,
ya hau sama yana haki,
ƙaramin kuwa da asuba na tsame shi da ludayi
kafin Hansatu ta farka ta yi ido biyu da mutuwa.

Ita ta ce a sayo su.
Tun da likita ya ƙayyade mata abin sha,
kofi biyu a yini, har da na haɗiyar magani,
ta ce, "Tunda ni an hana ni, Malam Tasi'u,
bar ni in riƙa kallon masu iyo a ruwa."

Daga Ɗorayi na hau a-daidaita-sahu
zuwa titin Gidan Zu, shagon Mudassir,
yaron da hannun rigarsa ba ya bushewa.

Ya ce, "Baba, matata ce ba ka da ita."
Na ce ina da ita, tana gida kwance.
Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye.
Ya jero min su a kan benci:
wannan a bayan gilashi ake rataye ta,
tana zubo ruwa kamar indararo;
wannan nutso take, ƙarfi gare ta,
sai dai takan wujijjiga ƙananan kifi.
Ga wata can kamar tukunyar gas.
Da ya faɗi kuɗinta na yi lissafi a zuci,
wankin ƙoda biyu ke nan,
na kau da kai kamar mai kallon kasuwa.

Na ce, in an ɗauke wuta fa?
Mu a unguwarmu wuta baƙuwa ce,
ba ta sallama in za ta tafi, ba ta faɗin ranar dawowa.

Sai ya durƙusa ya jawo wata daga ƙarƙashin kanta.
Soso ne kawai, baƙi, mummuna,
da siririn tiyo,
da injin iska bai fi sabulu ba, mai cin batir.
"Kada ka wanke ta da ruwan famfo, Baba.
Akwai 'yan halittu da ido ba ya gani,
a cikin soson suke tarewa,
su ke cinye dafin da kifi ke fitarwa.
Ka matse ta a ruwan akwatin kansa,
ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Sai ta yi makonni kafin ta kama aiki.
Duk Juma'a ka rage kwata ka ƙara sabo,
wanda ya kwana a bokiti, ko da na 'yan garuwa."

Ban gaya masa na san wannan karatun ba.
Litinin da Alhamis, awa huɗu,
ina zaune a kujerar roba a asibitin Malam
ina kallon jininta yana fita ta tiyo,
ya ratsa wata aba mai tsawon kamu ɗaya,
ya komo mata a wanke.
Can ma ba wanda ya ce mana warkewa ce,
cewa suka yi kulawa.

A rasit ya rubuta: matata, ɗaya.
Na tsaya bakin titi ina duban kalmar.
A baki harshe yakan raba su,
a takarda babu rabuwa.

Yau sati biyar.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Injin yana gurnani a hankali kamar kyanwa,
kumfa na hawa ɗaya bayan ɗaya,
hasken tocila na ratsa ruwan har bango.
Na zaci ta yi barci.
Ta ce, "Ɗari da goma sha bakwai.
Kada ka yi magana, Malam, ina ƙirgawa."