Layin Majema

Wata bakwai ina sauka daga bas a bakin layin nan,
Northampton, shida saura kwata, fitilun titi ba su mutu ba.
Allo na nan manne a jikin jan bulo,
Tanners Lane,
ban taɓa tambayar kowa ba.
Na ɗauka sunan wani attajiri ne
da ya mutu ya bar wa magada gidajen haya.

Sai ran da nake shafa wa Doreen Tebbutt mai a ƙafa.
Tamanin da tara gare ta, fatarta ta koma ɓawon albasa.
Ta ce, "Tasalla, buɗe tagar nan. Kin ji warin?"
Na buɗe.
Yayyafi ne kawai, da ƙaurin soyayyen kifi daga shagon kwana.

Ta ce, "Da can mace ba ta shanya a nan in iska ta juyo.
A bakin ramukan ubana ya tsufa,
hannunsa bai sake yin fari ba har aka rufe akwati.
A aji, in na zauna, yara su matsa.
Yanzu an cike ramukan, motoci ke kwana a kai,
sunan kaɗai suka manta ba su kankare ba."

Na yi tsaye, mai na narkewa a tafina.

Ashe majema ce.
Ashe kullum asuba a majema nake sauka,
ni jikar Mati mai kartaji,
wanda ko ya yi wankan Juma'a sau biyu
bagaruwa ba ta sakin faratansa.
Na san kwatarniya, na san ruwan toka,
na san yadda gashi ke barin fata ba gardama
in ta kwana uku a jiƙe.
Na kuma san bakina
ran da ƙawaye suka tambayi sana'ar gidanmu
na ce, "Fatauci."

Wai suna linzami ne.
Na yi tafiyar awa bakwai a sama don in kwance nawa,
ga shi an rataye mini shi a bango, da harshen wasu.

Doreen ta ce akwai wata jar fata mai laushi,
ta akuya, daga can wajenku,
ubanta kan shinshina ta kafin ya taya.
Ban ce ta Mati ce ba. Wa ya sani?
Awaki da yawa, jiragen ruwa da yawa.

Na dai gaya mata sunan da Hausa.
Ta gwada, ya karye mata a haƙoran roba,
muka yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da yamma ban tsaya jiran bas ba.
Na taka layin tun daga farkonsa, a hankali,
hancina a buɗe.