Bayan an Kashe Majigi

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina kan wannan soro a Volos,
ina ɗaura zaren fim, iskar teku tana kawo min ƙamshin soyayyen kifi.
Duk watan Agusta sai na fito da tsohon nan daga gwangwaninsa,
wanda ya girmi rabin masu zama a kujerun:
jirgin ruwa, jarumi mai guntun zane,
alloli a kan gajimare suna tura mutane kamar 'ya'yan dara.

Da an kunna fitila sai gardama ta tashi.

Lambros masunci ne kan fara, yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa:
"Wannan ƙullin igiyar, ko jaki ba zai riƙe ba.
Da ni ne mai jirgin, tun a bakin gaɓa zan sallame su duka."
Bara ma haka ya ce. Bana shi ya riga kowa sayen tikiti.

Malama Evdokiya, wadda ta koyar da rabin garin nan karatu,
ba ta tashi sai ta gyara tabarau.
"Sun haɗa tatsuniya biyu sun ɗinke da zare ɗaya.
Kakannin kakanninmu suka ba da labarin nan kyauta a bakin murhu,
baƙi suka ara, suka sa masa harshensu,
ga shi mun biya kuɗi muna karanta fassara a ƙasan allo."

Fotis, ɗan shekara goma sha tara, dariya yake har da riƙe ciki.
"Dodon yumɓu ne fa!
Ku duba wuyansa, shatin babban yatsan mutum na nan.
Tafiyarsa ma kamar mai ciwon gwiwa."

Argiro ta juyo a hankali, baƙin mayafinta ya zame.
"Yaro, wannan shatin nake zuwa gani.
Wani bawan Allah ya zauna wata da watanni a ɗaki shi kaɗai,
yana matsar da hannun dodo misalin faɗin gashi,
ya ɗauka, ya sake matsarwa,
don kawai ni in razana."
Sauran ba ta faɗa ba, ni na sani:
a layi na shida, daidai inda ƙwarangwal ke tsagowa daga ƙasa,
marigayi Tirasos ya fara kama hannunta,
ya ce wai tsoro ne ya sa.
Har yau tikiti biyu take saya.

Sai Mirto, 'yar shekara shida, ta ja rigar kakanta:
"Shi dodon me ya yi musu?
Yana barci a kogonsa suka zo.
To wa zai ba 'ya'yansa abinci?"
Malama ta buɗe baki, ta rufe.
Lambros ya dubi teku.

Ni ba a tambayata, gara haka.
Ban taɓa kallon fim ɗin nan daga gaba ba,
ta 'yar taga nake leƙe, ƙeyar mutane nake karantawa.
Akwai wurin da ƙaton tagulla ke waiwayowa,
wuyansa na kuka kamar tsohuwar ƙofa,
duk kawunan sai su nutse cikin kafaɗu lokaci guda,
na mai gyara ƙulli, na mai gyara labari,
har Fotis, na ga hasken wayarsa ya mutu a wurin.
Ba zan tona masa asiri ba.

Sun sauka da gardamarsu, ina jiyo ta har kwanar gidan burodi.
Na ɗauki tsintsiya.
A gindin allo na tarar da rabin biskit a kan 'yar takarda,
an ajiye shi da kyau, daidai bakin kogon.
Na share ko'ina, na bar wurin.