Mai Niƙa Ya Samu Mai Yi Masa Niƙa

Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a bakin inji
a Bagalam, bayan masu sai da itace,
gari a gira, gari a gemu,
har liman ya ce na yi furfura tun ban yi aure ba.
Gero, dawa, masara, waken ƙosai,
duk abin da aka ɗauko a ka, ni na maishe shi gari.
Kunnen hagu ne ya biya kuɗin.
Ya tafi bai yi sallama ba.

Bara ɗiyata Rahamu ta aiko kwali daga Kotono
a motar Sha'aibu mai dakon taya.
Wani baƙin abu ne, aljihu a ka, baki a ƙasa,
da leda biyu ta ƴaƴan kafe
masu tsaga a tsakiya kamar kofaton akuya.
Ta ce a waya: Baba, ruwa a baya, ƙwaya a sama,
ka danna nan, ka je ka yi alwala.

Na danna.
Ya yi gyaran murya, ya kama.
Wallahi hannuna da kansa ya tafi neman bel,
ya tarar da iska.

Na karkata kunnen da ya rage mini.
Haƙoransa sababbi ne, ba su taɓa cin tsakuwa ba.
Yana da gaggawa
irin ta yaron da aka ɗauka aiki jiya.
Kafin Ƙulhuwallahu uku ya yi shiru,
sai tsiyaya, baƙa, a hankali,
ƙamshi ya fita tsakar gida
ya iske Tabawa tana hura wuta.
Ta ce: me ya ƙone?

Ita har yau ba ta sha.
Wai maɗaci ma ya fi shi kunya.
Ni da sukari huɗu na fara,
yanzu biyu, wata ran ɗaya da rabi.

Yana da halinsa.
In aka ɗauke kuran, agogonsa ya manta Maraɗi.
Wani dare ƙarfe biyu ya tashi niƙa shi kaɗai,
zakara ya rikice ya yi cara,
Tabawa ta yi salati, ta ɗauka ɓarawo ne da zarto.
Ruwan famfonmu na bar masa fari a maƙogwaro,
sai na yi masa kurkure, kamar jinjiri.
Ƙwayar kuma?
Na zaga babbar kasuwa, na gwangwani ne kawai da na ƙulli.
Sai a wani kanti a unguwar Zariya:
jaka bakwai.
Na tsaya ina lissafin niƙan tiya nawa ke nan,
mai kanti ya ɗauka addu'a nake yi.

To, shekaranjiya da sassafe aka buga ƙyaure.
Ƴar gidan Ɗan Tani ce, kwano a ka,
jiƙaƙƙen wake yana ɗiga mata a kafaɗa.
Inna ta ce ta ji inji ya tashi,
wai ko Malam Na-Allah ya dawo aiki.

Ban amsa da wuri ba.

Na shigo da ita, na nuna mata shi a kan tebur,
yana huci, ya gama nasa.
Ta dube shi, ta dube ni,
ta rufe baki da gefen mayafi.
Wannan ɗan mitsitsin?

Na ce je ki wurin Ɗan Jimma, bakin kwalta,
shi ya sayi nawa.
Ki ce masa ya rage wa dutse matsi,
waken ƙosai ba ya son zafi.

Da ta fita na kaɗe hannun rigata,
yadda na saba.
Ba abin da ya tashi.
Na zauna a kan turmin Tabawa da ta kife,
na sha shi ba sukari,
ina jiran ko iska za ta kawo mini ƙarar bakin kwalta
ta ɓangaren dama.