Awo a Ɗakin Ƙasa

Daren Oktoba a Montana, sanyi ya tokare ƙofa,
mu biyu a ɗakin ƙasa, ni da babana Orval.
Fitila ɗaya, tebur mai tabon mai,
kwanson tagulla ashirin a jere, baki sama,
kamar 'yan tsaki masu jiran tsaba.

Tun bara hannunsa ya soma rawa,
don haka ni ke awo, shi ke kallo.
"Lorna, kar ki yi numfashi a kan ma'aunin nan.
Albarushi ba gishiri ba ne, ba a zuba shi da ka."
Ƙwaya-ƙwaya nake saki,
allura na lilo, na lilo, ta tsaya.
Ya yi gyaran murya.
Iyakar yabonsa ke nan.

Shekara arba'in da darma yake farauta,
mai nauyi, irin wadda ubansa ya bar masa a gwangwanin taba.
Jan ƙarfe, in ji shi, na masu gyaran famfo ne.
Sai ranar da ya tsinci gaggafa a bakin rafi,
tana tsaye, wuya ya kasa ɗaukar kai,
fiffike a ƙasa kamar rigar da ta faɗo daga igiya.
Likitar dabbobi ta ce darma ce a jininta,
ta ci ta a kayan cikin da maharba ke bari a dawa.
Har muka iso gida bai ce uffan ba,
ko rediyo bai kunna ba.

Maƙwabcinmu Delmar ya yi dariya har da tari:
"Da wannan ƙwayar gyaɗar za ka kayar da kishimi?"
Baba ya jujjuya harsashin a tafin hannu, ja, siriri:
"Wanda ke warwatsewa shi ke bukatar nauyi.
Wannan gudu gare shi, kuma a haɗe yake isa.
Kafaɗata ma ta gaji da shuri."

Na ɗora kan a bakin kwanso,
na ja mariƙin matsi a hankali har ya zauna,
na auna tsayi, na sake aunawa.
Asabar biyar muna huda takarda a bayan gari,
a ƙara kaɗan, a rage kaɗan, a rubuta,
kafin huji uku su matso kusa
har kwabo ɗaya ya rufe su.

Asuba a kan tudu, dusar ƙanƙara har ƙwauri.
Ya fito daga cikin itatuwa,
ƙahonsa kamar rassan da iska ta kaɗe wa ganye,
tururi na fita daga hancinsa.
Baba ya ɗaga bindiga.
Ina kallon bakinta tana zana ƙananan da'ira a iska.
Ya daɗe.
Ya sauke, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba:
"Ke kika auna."

Ƙara ɗaya, duwatsu suka maido ta sau biyu.
Taku takwas, ya durƙusa.

Wajen fiɗa wuƙata ta ci karo da shi
a ƙarƙashin fata, ta ɗaya gefen,
ya buɗe gida huɗu kamar furen kabewa.
Baba ya goge shi a wando, ya jefa a aljihu.
Muka bar kayan ciki a kan ƙanƙara suna tururi,
hankaki biyu sun riga sun sauka a reshe,
can sama kuma wani abu mai faɗin fiffike na kewayawa.

Da dare muka ɗora shi a ma'aunin nan dai.
Allura ta yi lilo, ta tsaya kusan inda ta tsaya a da.
Ya buɗe littafin, ya lalubo alƙalami,
ya gwada, bakin na ta tsalle a kan layi.
Ya turo mini duka biyun.
"Rubuta rana. Ki sa sunanki, ba nawa ba.
Kuma gobe ki kai wa Delmar cinya."